Naman Kazar Da Na Tsinko A Lambun Hajiya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ummi, ina yi miki sallama, ina gaishe ki da hanya. Ina fata kun tsallake gada lafiya, kin sami Gwaggonki Hadiza da jaririnta da 'yan biyu cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa ki shiga gidan nan na Bonaberi da ƙafar dama, ya tsare ki daga abin da idonki ya gani da wanda bai gani ba.

Ni ce, Dadarki. Kin san ban iya zaunar da ke in yi doguwar magana ba. Ke ce 'yar fari, ko sunanki na yanka ba na iya kira, haka aka tashe mu. Jiya da kike ɗaure kaya na yi ta shiga ɗakin da niyyar in faɗa miki, sai in ɗauki tsintsiya in fito. Shi ya sa na rubuta, na ba Babanki ya miƙa miki idan kun sauka a tashar Grand Hangar. Rubutuna kin san shi, ki yi haƙuri da shi, ki karanta har ƙarshe.

Ranar da Gwaggonki ta zo maganar tafiyarki, ina wanke-wanke na ji kina ce mata, "Gwaggo, wancan zuwan da na yi na ga naman kaza ya fito bayan shagon Baba Kafinta, cikin ɓaraguzan katakon da kika zuba wa alayyafo. Kar ku bari a tattake. Ni na san na ci, Dada ta koya mini. Zan yi wa 'yan biyu miyarsa." Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Ashe gwana zan ɗauka." Tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Kar ki tsinke shi, Ummi. Abin da ya kwantar da ke da ƙanenki Sale a daminar bara ba makalar Mami Odil maƙwabciyarmu ba ce, fanken nan da take soyawa. Miyar da na dafa ce. Na sani tun a ranar, na yi shiru.

Bari in faɗa miki yadda aka yi tun daga farko.

A ƙauyenmu na wajen Tibati, iri ɗaya na sani, naman kazar suri. Idan ruwan farko ya zuba, Kakarki ta tashe ni mu bi gidajen gara. A jikin suri yake fitowa, hularsa da ɗan tsini a tsakiya, idan aka haƙa da wuƙa sai a ga jijiyarsa doguwa kamar wutsiyar ɓera, ta nutse can cikin gidan gara. Shi kaɗai muke ci. Kuma ko shi ɗin, ban taɓa sa shi a tukunya ba sai Kakarki ta juya shi a hannu ta ce e. Ke kin ga ina dawowa da ƙwarya cike, ba ki ga wadda ta ce e ba. Sanin nata ne. Ni ɗaukar ƙwarya na iya.

Da muka biyo Babanki Duwala, komai ya ruɗe mini. Ruwa ba ya ɗaukewa, wanki ba ya bushewa, takalmi idan an ajiye shi ƙarƙashin gado sai ya yi gashi. A kasuwar New Bell ana yi mini magana in tsaya kamar kurma. Ke kin shiga lekol, makarantar boko, kin kama Faransanci, kin zama bakina. Babanki ya san kowace hanya. Har Sale da bai gama iya Hausa ba ya fara ce wa mutane bonju. Ni kaɗai ce a ɗakinmu ban san komai ba. Ba don ki yi mini uzuri na faɗi wannan ba, don ki ga ta inda abin ya shigo ne.

Kin san gidan Hajiyar unguwar Bali da nake yi wa wanki. Bahaushiya ce amma nan aka haife ta, aikin ofis take yi, Hausarta rabi Faransanci. Tana sayen ɓaraguzan katako wajen kafintoci a shimfiɗa su a gindin furanni, wai suna riƙe danshi, suna hana ciyawa. Zuwana na farko na ɗauka shara ce, har na fara kwashewa, ta leƙo ta taga ta ce, "No, no, bar shi, ado ne." Na ji kunya ranar. To wata safiya bayan ruwa na fita shanya sai na gan su, farare, manya kamar faifai, sun yi layi cikin ɓaraguzan. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Abu na farko ke nan da na gani a garin nan na ce, wannan kam na san shi.

Na durƙusa na ja ɗaya, ya taho da sauƙi. Babu doguwar jijiya, gindinsa dunƙule yake, da ɗan katako manne a jiki. A wuyansa akwai wani abu kamar zobe, a kan hularsa kuma ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa kamar an yayyafa dusa. Babu tsini a tsakiya. Babu suri a gidan, babu gara. Duk na gani, Ummi, ba zan ce ban gani ba. Sai na ce wa kaina garin ruwa ne, me zai yi da doguwar jijiya. Na cika bakin zanina na ƙulle, ban tambayi Hajiya ba, alhali Babanki ya sha ce mini kar in fito ko da ganye ne daga gidan mutane.

Ki riƙe wannan. Idan abu ya yi kama da na gida amma wani wuri a jikinsa ya saɓa, to saɓanin za ki duba, ba kamannin ba. Kuma ranar da kika ji ranki yana kawo miki dalilai don ki yarda da abin da idonki bai yarda da shi ba, ki ajiye abin. Kewar gida tana sa mutum ganin abin da babu.

Da na dawo kin tuna yadda na kira ki tsakar gida, ina ta ɗaga murya don matan gidan su ji ni ma na san wani abu? Na nuna miki inda dodon koɗi ya ci a gefen hula na ce, "Kin gani, abin da ƙwaro ya ci mutum ma zai ci." Na jefa wa kazar maƙwabta guntu ta tsattsaga, muka zuba mata ido, ta ci gaba da kiwonta. Na tafasa na zubar da ruwan farko. Na cire zoben azurfata na jefa a tukunya na ce idan da guba zai yi baƙi. Ya fito fes. Kika ce, "Dada, wa ya koya miki duk wannan?" Na ce, "Mu a jeji muka tashi."

Babu ko ɗaya da Kakarki ta koya mini a ciki. A bakin mata na tsince su a rafi, ban taɓa gwadawa ba sai ranar. Dukansu ƙarya ne. Cikin dodon koɗi ba irin na mutum ba ne, na kaza ma haka. Azurfa ba ta san guba ba. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma ba ta kashe ta. Ƙamshinsa da daɗi, miyar ma ta yi daɗi, ke kanki kin ce a ƙara miki. Duk abin da na koya miki ranar nan a tsakar gida, ki zubar da shi. Kar ki koya wa kowa, ko da wasa.

Azahar muka ci, ni da ke da Sale, Babanki yana wajen aiki. Da safe kuwa Mami Odil, wadda ɗakinta ke jikin namu, ta ba ku makala da wake daga wanda take sayarwa a bakin ƙofa, kamar yadda ta saba. Kafin la'asar Sale ya fara amai, sai zawo, ke ma kika riƙe ciki. Maimakon in ɗauke shi, sai na tsaya ina ɗura masa manja da madara, don haka na ji ana yi wa wanda ya ci guba. Ki lura, wanda ya ci guba. Ashe tun a lokacin zuciyata ta san abin da ya ci. Duk abin da na ɗura masa ya dawo da shi, idonsa ya faɗa, wuyansa ya saki.

Mami Odil ce ta shigo ba sallama, hannunta duk ƙullu. Ta dube shi ta ce da Hausarta, "Maman Sale, wannan yaro ba na ɗaki ba ne. Asibiti." Na ce bari Babansa ya dawo. Ta ce, "Babansa dokta ne?" Ta saɓa shi a kafaɗa ta fita titi ta tare bensikin, mashin ɗin haya, ta bar man suyarta a kan wuta. Mu muka biyo ta a wani mashin ɗin.

Idan yaro ya ci abin da ba ki sani ba, kar ki tsaya jiran mai gida, kar ki tsaya manja, kar ki sa masa yatsa a maƙogwaro. Ɗauke shi kawai. Mai gida zai same ku a can.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini nauyi.

A asibiti dokta ya yi tambaya da Faransanci, kika juyo kina riƙe da ciki kika ce, "Dada, wai me ya ci yau?" Na ce, "Ce masa tuwo da miya, da makala da wake." Kika ce, "Naman kazar fa?" Na ce, "Shi ai mun saba ci tun a gida, bar shi." Kika juya kika faɗa masa yadda na ce. Da bakinki na yi ƙaryar, Ummi, kina yarinya, ba ki da lafiya, kin yarda da ni. Tsoro nake ji a tambaye ni inda na samo, Hajiya ta ji, a ce ɓarauniya ce 'yar ƙauyen nan. Tsoro nake ji Babanki ya dube ni. Ɗana yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, ni ina tunanin fuskata.

Kuma akwai abin da ba ki sani ba. Ni ban ci makala ba ranar, amma ni ma ciwon ya kama ni. Duk fitar da nake yi in ce miki zan yi alwala, bayan gida nake zuwa in yi amai in wanke fuska in dawo. Mutum uku suka ci miyar, mutum uku suka kamu. Babu wani abin da ya rage a yi shakka a kansa.

Allah ya taimake mu, ku biyu kuka tashi. Ba dabarata ba ce.

Kar ki taɓa rage wa dokta magana don jin kunya. Ba ruwansa da inda aka samo abu, abin da ke cikin ciki yake nema. Idan wata rana kika zama bakin wani a gabansa, ko Gwaggonki ce, ko ni ce, kika ji an tsallake wani abu, ki faɗa masa da kanki. A yi miki faɗa daga baya.

Da muka dawo gida matan gidan suka taru yin sannu. Ɗaya ta ce, "Wake ne, wa ya san kwana nawa ya yi." Wata ta ce, "Ni dama ba na bari nawa su ci na waje, ba mu san me suke sawa a ciki ba." Suka dube ni. Kalma ɗaya ta isa a lokacin. Na sunkuyar da kai ina gyara wa Sale riga. Daga nan yaran gidanmu suka daina sayen makalarta. Ke kuma kika daina gaishe ta. Ranar da ta miƙo wa Sale makala kika buge hannunta makalar ta faɗi ƙasa, kika yi mata magana da Faransanci, ban ji me kika ce ba amma na ga fuskarta. Ina tsaye a ƙofa. Ban tsawata miki ba. Wannan rashin kunyar ba taki ba ce, ni na sa ki, ni zan amsa ta gaban Allah.

Bayan sati na koma wanki gidan Hajiya. Sauran da na bari sun tsufa, sun buɗe sosai. Na juya ɗaya, sai na ga ƙasan hular, wurin nan mai layi-layi, ya koma kore-kore kamar bangon da ruwa ya daɗe a kai. Na suri bai taɓa yin haka ba. Na tuge su duka na tura ƙasan shara. Nan ma ban faɗa wa kowa ba. Na ce ai ya wuce, ba zan ƙara ba, shi ke nan. Ban yi tunanin na riga na shuka abin a kanki ba, sai ranar da na ji ki da Gwaggonki.

Washegari na je wurin Mami Odil tana suya. Na tsuguna gefen murhunta na rasa ta inda zan fara. Ta ce, "Yau kuma lafiya? Ko kin zo duba ko wakena ya kwana?" Na ce, "Mami, ba wakenki ba ne. Naman kaza na dafa musu." Ba ta gane sunan ba, sai da na kwatanta mata da hannu. Ta ce, "Shamfinyo." Ta ci gaba da juya makala ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ina ka samu?" Kin san ita kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji. Na ce a cikin katakon lambu. Ta ajiye matsami ta ce, "Ni a kurmi aka haife ni, uwata ta san iri da yawa, amma na katakon gidan mutane ko ita ba ta taɓawa. Kai daga zuwa sai ka zama malami." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Yara ba su gaishe ni shekara guda, Maman Sale. Ni na ɗauki yaronka." Na ce na sani. Ta ce, "To ka faɗa wa matan can da bakinka, ba ni kaɗai ba." Na faɗa musu da yamma, a tsakar gida, a daidai inda na tsaya na yi miki wancan karatun. Ba ki dawo daga lekol ba tukuna. Na roƙe su kar su gaya miki, ni zan gaya miki. Babanki kuma da na faɗa masa bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Da yaron ya mutu fa, haka za ki bar ni ban sani ba?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mami Odil ba ta bar ni haka ba, sai da ta ja ni asibitin. Muka sami wata nas Bafulatanar Garwa mai jin Hausa. Ta saurare ni har na gama ta ce, "Adda, kin yi sa'a." Ta ce irin wanda muka ci yana saurin nuna kansa, amai da zawo, kuma ƙaramin yaro zai iya tafiya idan ruwan jikinsa ya ƙare. Amma akwai wanda ya fi shi mugunta. Shi ba ya nuna komai da wuri, sai an wuni ko an kwana, a yi ciwon ciki, a ji sauƙi har a ce an warke, alhali yana can yana cin hanta. Ta ce da irinsa ne muka ci, ƙaryar da na yi da ta sa an sallame mu da wuri, ba wanda zai duba hantar Sale. Na tambaye ta yadda ake gane mai kyau a cikin na katako. Ta ce, "Ni da na yi karatu ban iya ba. Ke ma ba ki iya ba." Na ce na ga na Hajiya ya yi kore a ƙasa, ko da haka ake ganewa? Ta ce yana ƙarami fari ne tas, kuma da yawa masu kisa ba su taɓa yin kore. Wannan alamar tana iya ce miki kar ki ci, amma babu alamar da za ta ce miki ci.

To ga abin da nake roƙon ki. Bayan shagon Baba Kafinta, mijin Gwaggonki, katako ne tuli, ruwa kuma ba ya ɗaukewa, za su yi ta fitowa, fari da ruwan ƙasa da wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa mai kyau kamar fure. 'Yan biyu yanzu suka fara tafiya, komai suka samu baki. Kowace safiya kafin su fita ki zaga wurin, wanda kika gani ki tuge shi har gindi, ki ƙulle a leda, ki kai shara inda yaro ko akuya ba za su kai ba, ki wanke hannu. Idan kika ga guntu a bakin yaro, ki cire, ki ɗauki sauran a takarda, ku tafi asibiti da shi ko yaron yana dariya. Idan ya yi ciwo ya ji sauƙi, kar ki yarda da sauƙin sai dokta ya ce. Idan kwaɗayin miyar ya dame ki, ki jira sai mun je gida Kakarki ta juya shi a hannunta.

Gwaggonki za ta tuna miki alkawarin da kika yi mata, ta ce ina miyar gwana. Na san za ki ji nauyin ki ce uwarki ba ta sani ba, don ke ba kya so a raina ni, na sha ganin yadda kike tare mini a kasuwa idan an yi dariyar maganata. Wannan karon kar ki tare mini. Ki ce mata, Dada ba ta san shi ba, ta kusa kashe mu da shi. Ki faɗa haka, a gaban kowa in ta kama. Na fi so ki raina sanina kina raye.

Ran Juma'ar da za ki zo mana, kafin ki shigo ɗaki ki tsaya bakin ƙofa ki gaishe da Mami Odil, ki durƙusa. Ban ce za ta sake miki fuska nan da nan ba, ni ma har yanzu gaisuwata a taƙaice take amsawa. Ki gaishe ta duk da haka.

Ki yafe mini abin da na sa bakinki ya faɗa.

Sale yana ta tambayar yaushe za ki dawo. Ki gaishe da Gwaggonki da Baba Kafinta, ki shafa mini kan 'yan biyu da jariri. Allah ya tsare abin da zai shiga cikinki da abin da hannunki zai ba 'ya'yan mutane. Allah ya tsare ki a kan gada, da cikin kasuwa, da hanyar lekol. Ya ba ki ilimin da ya fi nawa, ya ba ki ƙarfin cewa ban sani ba. Na bar ki a hannun wanda ba ya barci.

Dadarki,
New Bell, Duwala.